Facaloli Biyu a Kati Ɗaya

Shekara biyu na yi ina aiki da Baba kafin in tafka kuskuren da ya kusa cin ran wata baiwar Allah. Baba ba mahaifina ba ne. Tsohon soja ne, daga sashen sadarwa ya yi ritaya ya dawo gida Zuru, sai dai shi maimakon ya zauna gindin mangwaro yana ba da labarin bariki kamar sa'o'insa, sai ya koya wa kansa rubuta manhaja. Kowa a ofis Baba yake ce masa. Ni kuwa Injiniya yake ce mini, kuma duk lokacin da ya faɗa sai na ji tsokanar da ke ciki, don ya san da digirina nake taƙama.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, na wata ƙaramar ƙungiya mai kula da lafiyar masu ciki. Ƙananan asibitocin Ribah da Bena da Dirin Daji ba su da na'urar gwada jini. Don haka idan mata sun zo awo sai a ɗebi jininsu, a jera 'yan kwalaben a kula mai ƙanƙara, mai mashin ɗinmu ya kawo ɗakin gwaji a Zuru. A da a takarda sakamakon yake komawa, ya yi kwanaki a aljihun mai mashin, wani lokaci ma ruwan sama ya wanke rubutun. Baba ne ya rubuta manhajar da ke karɓar sakamako daga kwamfutar ɗakin gwaji ta tura shi cikin wayar malamar asibitin da ta aiko jinin. Ƙofar da kwamfutar ɗakin gwaji ke bi ta miƙa wa manhajarmu saƙo ita ake kira API. Kamar tagar kantin magani take: akwai abin da za ka miƙa, akwai yadda za ka miƙa shi, akwai abin da za a miƙo maka.

Kullum da safe, kafin ya sha shayi, Baba sai ya yi abin da yake kira fareti. Yana da wata manhajar gwaji a kwamfutarsa wadda ya tara saƙonnin gwaji a ciki, babban fayil da ƙananan fayiloli a ƙarƙashinsa. Yana danna maɓalli sai su riƙa zuwa ƙofar ɗaya bayan ɗaya da sakamakon marasa lafiya na ƙarya. Wanda ya sami amsar da ta dace ya yi kore, wanda bai samu ba ya yi ja. Shi kuma yana zaune ƙyam, hannu a bayan kujera, yana kallonsu suna wucewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk sanin yadda ƙofar nan take a cikin manhajar gwajin nan kaɗai yake, cikin tsarin da ita kaɗai ke ganewa. Alhali akwai tsarin bai-ɗaya da masu wannan sana'a suka yarda da shi a ko'ina, na rubuta takardar ƙa'ida mai bayyana kowace ƙofa da kowane gurbi na saƙo, wane ne dole, wane ne ganin dama. Idan ka rubuta ta haka, kusan kowace manhajar gwaji za ta iya karantawa, kuma baƙon da bai taɓa ganinka ba zai iya aiki da ita. Na yi ta yi wa Baba wannan wa'azi har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum, wai duk mai son sanin ƙofarsa ya zo ya tambaye shi, ai bai mutu ba.

Sai abubuwa biyu suka haɗu a wata ɗaya, wajen shigowar kaka. Ɗakin gwaji ya sami sabuwar na'ura mai zuwa da tata manhajar, ta wani kamfani a can kudu. Mutanen kamfanin suka ce su ba sa amfani da irin manhajar gwajin Baba, mu aiko musu takardar ƙa'ida a tsarin bai-ɗaya su ɗora aikinsu a kai. Shi kuma Baba yanar da ke idonsa ta yi ƙarfi, 'yarsa ta zo ta tasa shi gaba sai Sakkwato a yi masa aiki. Likita ya hana shi kallon allo, 'yar ta ƙwace wayar ta sa a jaka. Da zai tafi ya ce mini in jira shi mu yi tare. Na ce to, amma a raina na ce Allah ya kawo ranar da zan nuna wa tsohon nan yadda ake aiki a zamanin nan.

Ban jira ba. Manhajar gwajinsa tana da maɓallin da ke juya duk abin da ke ciki zuwa tsarin bai-ɗaya. Na danna. Kan ka ce kwabo ga takarda ta fito tsaf, kowace ƙofa da bayaninta. A gefen allo wani ɗan rubutu ruwan ɗorawa ya leƙo, yana cewa akwai abubuwan da sabon tsarin ba zai iya ɗauka ba, an bar su a baya. Wallahi na gan shi. Na karanta shi ma. Na ce ai irin surutun nan ne da manhajoji ba sa rabo da shi, na rufe. Na shigar da takardar cikin wata manhajar gwaji daban, irin ta mutanen kamfanin, ta karanta ba gardama. Na sa ta ƙirƙiro gwaje-gwaje daga takardar, na ƙaga marasa lafiya na ƙarya, kowace da sunanta da katinta, na yi nawa faretin. Kore zalla. Ban tsaya na lura cewa takardata na tambaya ko takardata daidai ce ba, ita kuma ta ce e.

Na aika wa kamfanin. Mutuminsu ya yabe ni a waya, ya ce bai zaci samun aiki mai tsafta haka daga garin da bai taɓa jin sunansa ba. Maganar ta ɓata mini rai, yabon kuma ya faranta mini, na ƙyale shi. Ranar Litinin aka kunna sabuwar na'ura, sakamako ya fara tafiya.

Ranar Laraba da hantsi na buɗe tsohuwar manhajar gwajin Baba, kuma ba don alheri ba. So nake in kwashe ta in ajiye gefe kafin ya dawo, ya tarar zamani ya wuce shi. Ina ta leƙe-leƙe sai na danna kan babban fayil ɗin can sama, wurin da ban taɓa buɗewa ba don ba saƙon gwaji ko ɗaya a wurin. Ashe akwai wani shafi a bayansa. Manhajar tana ba mutum dama ya rubuta 'yan layukan umarni da za su gudana kafin kowane saƙo ya fita, kuma Baba ya rubuta. Layukan suna ƙara wa kowane saƙo wani gurbi guda wanda ba ya bayyana a jikin saƙon idan ka kalle shi a allo. A samansu ya bar wa kansa tuni da manyan baƙaƙe, irin rubutun soja:

"KATI NA GIDA NE, BA NA MACE BA. SA GARIN DA AKA AURO TA."

Ba sai an yi mini bayani ba, don mahaifiyata 'yar ƙauyukan gindin duwatsun nan ce, kuma da idona na tashi ina gani. A gidajenmu na can, katin asibiti ɗaya ne ga gida duka. Yana wurin uwar miji, cikin kwanon da take ajiye abubuwanta masu daraja, duk matar ɗanta da za ta je awo sai ta karɓa ta dawo da shi. Ga kuma sunayen rana da ake kiran mata da su, waɗanda bakwai ne kacal a duniya, don haka ba abin mamaki ba ne a sami facaloli biyu, matan wa da ƙane, masu suna ɗaya a kati ɗaya. Ranar haihuwa kuwa ba mai riƙewa, malaman asibiti ƙiyasi suke yi. Abin da bai cika haɗuwa ba shi ne garin da aka auro kowace. Da shi Baba yake rarrabe su. Tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji tana aiko wannan gurbi don shi da kansa ya saita ta. Takardar ƙa'ida kuwa siffar saƙo take ɗauka, ba ta ɗaukar layukan umarni, don haka gurbin bai bi ni cikinta ba. Abin da ɗan rubutun nan ruwan ɗorawa yake gaya mini ke nan.

Na duba me manhajarmu ke yi idan saƙo ya zo babu gurbin. Ba ta ƙin karɓa. Sai ta ɗauki mace ta farko mai wannan suna a katin ta liƙa mata sakamakon.

Nan take na jawo jerin duk abin da ya fita tun Litinin, ina neman katin da ke da suna ɗaya sau biyu. Ina dubawa ina roƙon Allah kada in samu. Na samu guda ɗaya, daga wani ƙauye a bayan Ribah. Facaloli biyu, duka da ciki, rana ɗaya aka ɗebi jininsu. Sakamakon farko ya shigo yana nuna jini ya yi ƙasa ƙwarai, irin wanda ba a kwana da shi a ƙauye. Bayan 'yan mintoci na biyu ya shigo lafiya lau, ya hau kan na farkon ya goge shi. Don haka a wayar malamar asibitin Ribah, babbar facalar tana nan lafiyarta ƙalau, ƙaramar kuma nata bai fito ba. Ɗaya cikinsu tana yawo da jinin da bai kai ya riƙe ta wajen haihuwa ba, kuma ba wanda ya sani sai ni.

Ko takalmi ban ɗaura da kyau ba na isa ɗakin gwaji. Na ce wa mai gwajin ya tsayar da aika sakamako ta sabuwar hanya, ya fito mini da 'yan takardun da ke zuwa ɗaure da kwalabe. Allah ya saka da alheri ga malamar Ribah, wadda duk muke ce wa Sista, don da hannunta take rubuta garin kowace mace a gefen takardar. Muka haɗa takarda da kwalba. Mai ƙarancin jinin ita ce babbar, wadda aka auro daga wajen Bena, kuma cikinta ya shiga wata tara.

Na gyara bayanin da hannu, na kira Sista. Ba ta shiga. Na sake kira, na sake. Mai mashin ɗinmu, wanda ya zo ɗaukar kula, ya ce ai tun daren jiya babu sabis a Ribah, shi ma bai sami matarsa ba. Na danna lambar 'yar Baba, tana fara ƙara na kashe. Me zan ce masa, yana kwance da bandeji a ido? Mai mashin ɗin dattijo ne mai 'ya'ya, ba ya yawan magana. Ya dubi fuskata, ya dubi rana, ya ce idan za mu tafi yanzu ne, don shi ba ya son la'asar ta yi masa a hanyar nan.

Ban iya tuna abu da yawa na tafiyar ba. Na tuna dawa ta yi kai tana sunkuyo a gefen hanya, da wani rafi da muka sauka muka tura mashin, ruwa har gwiwa, ina riƙe da takardun nan biyu a cikin rigata. Duk hanya lissafi ɗaya nake yi: mata ba sa dawowa karɓar sakamako sai bayan kwanaki, wataƙila ba su zo ba tukuna, wataƙila Sista ba ta ma buɗe wayar ba.

Mun tarar da ita tana wanke hannu a baranda. Babbar mace ce mai sanyin murya, a shekaru ta isa ta haife ni. Ban ko gama gaisuwa ba na tambaye ta facalolin nan. Ta ce sun zo jiya tare, ta ce wa babbar lafiya lau ta koma gida, ta ce wa ƙaramar nata sai wani zuwan. Na ciro takardun na yi mata bayani a gurguje, ban ɓoye cewa daga ni ne ba. Ta goge hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Na buɗe idonta, na gan shi fari fat," ta ce. "Na duba tafin hannunta. Raina bai kwanta ba. Amma wayarku ta ce lafiya lau, sai na ce ni ce tsufa ya fara kamawa. Ƙwayar ƙarin jini na ba ta na sallame ta."

Wannan magana har yau tana nan a ƙirjina. Ban goge sakamako kaɗai ba, na sa mace mai shekaru tana wannan aiki ta ƙaryata idonta.

Ta bar asibitin a hannun abokiyar aikinta, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, muka bi ta a baya. Ƙauyen yana gindin dutse, hanyar ƙafa ce ta ratsa gonaki. Ina bayan mashin ina kasa kunne ko zan ji kuka daga nesa, don abin da zuciyata ke ta saƙa mini ke nan. Ba kuka. Kaji ne kawai da ƙarar turmi. Muka yi sallama muka shiga, sai ga ta zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ƙafafu a miƙe. Tana da rai, tana ma murmushi. Sai da ta tashi za ta kawo mana ruwa na ga abin da Sista ta gani: taku huɗu ta yi ta tsaya tana haki, hannu a kan rumbun.

Mijinta soja ne, yana can wurin aiki nesa, don haka magana a hannun uwar mijin take. Tsohuwar ba ta yarda da sauri ba, kuma tana da gaskiya. Cewa take jiya-jiyan nan aka ce lafiya, yau kuma a zo da mashin biyu a ce a ɗauki yarinya zuwa Zuru ana tsakiyar aikin gona? Wanne za ta kama? Sista ta yi ta yi mata bayani da C'lela, yaren mutanen wurin, ina tsintar rabi don abin da na koya a bakin mahaifiyata bai wuce na gaisuwa da aike ba. Na ga Sista tana ƙoƙarin ɗaukar laifin a kanta, tana cewa ita ce ba ta duba da kyau ba. A nan na durƙusa gaban tsohuwar.

"Mama, ba ita ba ce. Ni ce na haɗa takardunsu a Zuru, na ba wannan sakamakon waccan. Na jiya kuskure ne, na yau ne gaskiya. Ki yi mini duk faɗan da za ki yi, amma ki bari mu tafi da ita yanzu."

Ta dube ni tun daga kai har ƙafafuna da suka sha laka. Ta tambayi 'yar gidan wa ce ni, na faɗi garin mahaifiyata. Ta ce ta san su, mutane ne masu gaggawa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da katin da zane biyu ta ɗaure a ɗankwali. Ƙaramar facalar, wadda tun shigowarmu take tsaye da taɓarya a hannu, ta tambaya a hankali, ita fa nata? Na ce nata lafiya lau ne, wannan karon da tabbaci. Ta yi dariya ta ce to ita za ta ƙarasa gyaɗar.

A tsakiya aka sa ta, mai mashin ɗinmu a gaba, Sista a baya ta rungume ta, ni kuma na hau mashin ɗin ɗan kabu-kabun, aka riƙa tafiya kamar an ɗauko ƙwai. A Ribah muka sami motar da ta ɗauko buhunan hatsi za ta Zuru, direban ya sauke yayansa daga gidan gaba ya ba mu. Sista ta rubuta takardar turawa a kan cinyarta ta ba ni, ta ce kada in sake in bar ta sai na ga likita ya karɓa. A mota matar ta kwantar da kai a kafaɗata ta yi barci. Ni kuwa duk ramin da muka faɗa sai na duba ko tana numfashi.

Kafin magariba muka isa babban asibiti. Aka sake gwada jinin, ya fito daidai da na kwalbar. Likitan ya ce gara da aka kawo ta yau, bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Aka fara yi mata ƙarin jini, washegari ƙanen mijinta ya zo ya ba da nasa aka mayar. Da na fito baranda na zauna a kan siminti, sai na ji yunwa ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba. Na sayi gasasshiyar masara biyu a bakin ƙofa na cinye tas, ina ci hawaye na zuba, mai masarar tana ta yi mini sannu, ta zaci rasuwa aka yi mini. Na ce mata a'a, daɗi ne.

Kwana ukun da suka biyo baya a kan kujera na yi su, tsohuwar manhajar Baba a hagu, takardar ƙa'ida a dama. Babu shafin da ban buɗe ba, babu lungun da ban leƙa ba. Na sami wasu layukan umarnin har wuri biyu, ɗaya na matan da shekarar haihuwa kaɗai aka rubuta musu, ɗaya na jinin da aka sake ɗiba don na farko ya lalace a hanya. Duk na fito da su fili na rubuta su cikin takardar da hannuna. Gurbin garin da aka auro mace na sa shi dole, na rubuta dalilinsa a ƙarƙashi yadda mutumin da bai taɓa ganin ƙauye ba zai gane. Na gyara manhajarmu ta daina kawaici, duk saƙon da ya zo babu gurbin ta mayar da shi. Mutumin kamfanin ya ce ai da yana cikin takardar tun farko da sun sa. Gaskiya ya faɗa.

Daga nan na shigar da sabuwar takardar cikin manhajojin gwajin biyu, ta Baba da irin ta kamfanin. Duk suka karanta ta iri ɗaya. Na ƙaga facaloli biyu masu suna ɗaya a kati ɗaya, na aika saƙo babu gurbin. Nan ja, can ja. Ban taɓa murnar ganin ja kamar ranar ba. Na sa gurbin, kowace ta sami nata. Yanzu takardar ce uwa, daga gare ta manhajojin ke ɗauka, ko wace iri wani ya zo da ita gobe.

Baba ya dawo da baƙin tabarau da sanda. Na bari ya zauna, na rufe ƙofa, na gaya masa komai tun daga maɓallin da na danna har masarar. Na shirya wa tsawa, don na taɓa ganin yadda ya yi wa mai gyaran janareta. Tambayar farko da ya yi ita ce yaya yarinyar, na ce tana samun sauƙi, an ce ta zauna wurin 'yan'uwanta kusa da bariki har ta haihu.

"Ni na ɓoye abu inda ni kaɗai na sani," ya ce. "Ke kuma aka gaya miki an bar kaya a baya kika wuce. Da ni da ke ba mai yi wa wani dariya, Injiniya."

Tunda ba shi da izinin kallon allo, sai ya ce in karanta masa takardar da ƙarfi daga farko. Na karanta, yana tsayar da ni yana gardama a kan kowane layi, har da inda ba laifi. Muka kai azahar muna abu ɗaya. Wallahi ban taɓa jin daɗin gardamarsa kamar ranar ba.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki Sista ta kira ni, sabis ya dawo, ta ce an gaya mata matar ta sauka lafiya, mace aka samu. Na sayi sabulu da atamfa na tafi asibitin da hantsi. Na tarar da ita zaune a gado, leɓɓanta sun yi ja kamar na kowa, kofin kunu a gefe. Tana ganina ta fara gaya wa matan gadajen kusa cewa ga likitar da ta je har gida ta ɗauko ta, ta tsallake rafi saboda ita. Suka yi ta sa mini albarka. Na ji kamar in nutse. Ranar da na yi wa uwar mijinta bayani tana can gefe tana haki, ashe ba ta ji ba, kuma ba wanda ya gaya mata.

Na zauna bakin gadon na ce mata ni ba likita ba ce. Na ce ni ce na sa aka gaya mata lafiyarta ƙalau alhali ba haka ba ne, da ban yi gaggawa ba da tun ranar Talatar nan an kawo ta, da ba ta koma ƙauye ba sam. Na faɗa da Hausa, na maimaita da 'yar C'lelar da na iya don kada ta ce ba ta gane ba. Ta dube ni, tana jijjiga jaririyar.

"To, ai kin zo," ta ce.

Sai ta miƙo mini yarinyar ta ce in riƙe mata, za ta sha kununta kafin ya huce.